Haƙƙin Ɗan Ƙwadago Idan An Riƙe Masa Lada: Hukuncin Shari'a Da Dokar Sudan A Gonakin Gadarif

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya haramta wa kanSa zalunci, kuma Ya sanya shi haramun a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, wannan bayani ne a kan haƙƙin ma'aikaci idan wanda ya sa shi aiki ya riƙe masa lada ko ya yi ta ja masa rai. Mun ɗauki jihar Gadarif ta gabashin Sudan a matsayin wurin nazari, domin ƙasa ce da rayuwarta ta dogara a kan ƙwadagon gona, kuma Hausawa da yawa suna cikin wannan harka, wasu a matsayin masu gona, wasu a matsayin 'yan ƙwadago. Za mu kawo abin da Shari'a ta ce, sannan abin da dokar ƙasar ta tanada, sannan hanyoyin da mai haƙƙi zai bi.

Akwai magana ɗaya da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Mafi yawan masu aikin hannu a gona, Dokar Ƙwadago ta Sudan ba ta rufe su ba. Haƙƙinsu bai faɗi ba saboda haka, amma ya rataya a kan yarjejeniyar da aka ƙulla da kuma hujjar da za su iya kawowa. Wanda ya gyara ƙulli tun kafin ya ɗauki lauje, shi ne yake da abin riƙewa ranar da aka ce masa "jeka ka dawo."

Gadarif da ƙwadagonta

Gadarif tana iyaka da Habasha, ƙasarta baƙar laka ce mai riƙe ruwa, kuma noman da ake yi a cikinta na damina ne. A tsakiyar shekarun 1940, zamanin mulkin Ingila, aka fara noman injina a yankin Gadambaliya kusa da garin Gadarif. Daga nan abin ya yaɗu har jihar ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan, kasuwar amfanin gonarta kuma ta shiga cikin manyan kasuwannin ƙasar. Babbar gona a can "mashru'i" ake ce mata, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mashru'i ɗaya mai fadan 1,000. Fadan ɗaya kuwa murabba'in mita 4,200 ne, wato ya ɗan ɗara eka.

Tarakta tana yin huɗa da shuka, amma cire ciyawa, wanda suke kira "kadib", da yankan riɗi, da yawancin yankan dawa, duk da hannu ake yi. Riɗi kuwa ba ya jira. Idan ya nuna wajen watan Oktoba aka yi sakaci na 'yan kwanaki, sai ƙwansonsa ya buɗe ya zube ƙasa. Shi ya sa a lokacin kaka ake neman hannaye da yawa a lokaci guda. Masu wannan aiki na ci-rani, waɗanda ake kira "jango", suna zuwa daga yammacin Sudan, da kudancin Nilu Shuɗi, da Habasha ta hanyar Gallabat, da kuma ƙauyukan jihar kanta. Suna zama a sansani cikin gona, nesa da gari, a ƙarƙashin wakilin mai gona.

Zaman Hausawa a wannan yanki ya samo asali ne daga hanyar aikin Hajji ta ƙasa, sannan ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Zuriyarsu da ta waɗanda suka biyo baya sun bazu a Jazira da Kasala da Gadarif, musamman a ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wa wannan mas'ala nauyi. 'Yan gudun hijira sun cika Gadarif, masu neman aiki sun yi yawa, darajar fam ta faɗi ƙwarai, kuma canjin takardun kuɗi da aka fara a ƙarshen 2024 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a hannun jama'a. A irin wannan hali, jinkirin wata ɗaya ya isa ya cinye wani yanki na ladan mutum, ko da daga baya an biya shi.

Siffofin danne lada

Ba hana lada ƙiri-ƙiri kaɗai ne zalunci ba. Siffofin da aka fi sani su ne:

1. A gama aiki a ce sai an kai amfani kasuwa an sayar, alhali ba a yi wannan sharaɗi tun farko ba.
2. A rage awo ko ƙirge, kamar a tauye faɗin filin da aka nome, ko a rage yawan "hilla", wato tarin dammunan riɗi da ake lissafin ladan yanka da shi.
3. A zaftare lada da sunan abinci, ko kayan da aka ci bashi a kantin sansani a kan farashi mai tsada da ba a faɗa ba.
4. Mai gona ya ce ya ba wakili ko ɗan kwangila, shi kuma ya ce ba a ba shi ba.
5. A riƙe wani kaso na lada don a tilasta wa mutum ya zauna har girbin dawa.
6. A yi wa baƙo barazana da hukuma saboda ba shi da takardu, don ya tafi ya bar haƙƙinsa.

Matsayin lada a Shari'a

Ladan ma'aikaci bashi ne a wuyan wanda ya sa aiki. Ba kyauta ba ce, ba alfarma ba ce. Allah Maɗaukakin Sarki Ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika ƙulle-ƙullen alkawari, Ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, Ya yi narkon azaba ga masu tauye mudu a farkon Suratul Muɗaffifina. Malamai sun ce tauyewa ta haɗa duk wanda yake karɓar nasa cikakke, ya ba da na wani a tauye. A aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma Ya haɗa umarnin biyan lada da yin aikin shayarwa kai tsaye, ba tare da tazara ba.

A Sunna, Imamul Bukhari ya ruwaito hadisin ƙudusi daga Abu Huraira (R.A) wanda yake nuna cewa mutum uku Allah da kanSa ne abokin shari'arsu ranar Alƙiyama, na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Ibnu Majah ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A) umarnin Manzon Allah (S.A.W) na a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa taurin bashin mawadaci zalunci ne. Abu Dawuda da Nasa'i kuma sun ruwaito daga Sharid ɗan Suwaid (R.A) cewa jinkirin mai hali yana halatta mutuncinsa da hukunta shi. Malamai sun fassara halatta mutunci da cewa mai haƙƙi ya faɗa a fili an zalunce shi, hukuntawa kuma da cewa alƙali ya tsare shi har ya biya.

Daga nan muke fahimtar cewa kai ƙara a kan lada ba rashin haƙuri ba ne, ba kuma rashin kunya ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Limamin da ya ce wa ɗan ƙwadago "ka bar wa Allah" bai kuma je ya yi wa mai gona magana ba, rabin aikinsa ya yi.

Ƙa'idojin ijara a mazhabar Malik

Mutanen Sudan, kamar mutanen ƙasar Hausa, mafi yawansu Malikawa ne, kuma babin ijara a Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Shaikh Khalil shi ne abin da ɗalibanmu suka saba da shi. Ga abin da ya shafi zancenmu:

Na farko, dole lada ya zama sananne, aiki kuma ya zama sananne, ko dai da lokaci, kamar yini ko wata, ko da yawan aiki, wato jinga, kamar fadan kaza ko hilla kaza. Idan aka yi aiki a kan "sai abin da na gani", ƙullin ya ɓaci, amma gumin bai tafi a banza ba. Ana ba ma'aikaci "ujratul misli", wato abin da ake biyan irinsa a irin wannan aiki, a wannan wuri, a wannan lokaci.

Na biyu, lokacin biya yana bin sharaɗi. Idan babu sharaɗi, sai a bi al'adar wurin. Idan babu al'ada, mai aikin yini yana cancantar ladan kowane yini da ƙarewarsa, mai jinga kuma da kammala aikinsa. Saboda haka maganar "sai na sayar" ba ta hau kan ma'aikaci ba sai idan ya yarda da ita tun farko. Ko a nan ma ya kamata a yanke lokaci sananne, domin ranar sayarwa tana hannun mai gona, yana iya ajiye riɗinsa watanni yana jiran farashi ya tashi.

Na uku, ya halatta abinci ya shiga cikin lada gwargwadon al'ada. Idan al'adar gonakin yankin ita ce mai gona ne yake ba da garin tuwo da kayan miya da ruwan sha, ba shi da ikon ya lissafa su daga baya ya cire.

Na huɗu, biyan lada da wani kaso na amfanin gona yana da bayani. Malikawa sun halatta a ce wa mutum ya girbe wannan gona da ake gani, rabi ko sulusi nasa ne, domin abin yana tsaye ana iya ƙiyasta shi. Amma sun hana a haɗa girbi da sussuka a ce yana da rabin ƙwayar da za ta fita, domin ba a san yawanta ba. Wannan bambanci yana da amfani ga masu yankan dawa da masu kakkaɓe riɗi.

Na biyar, ma'aikacin da aka keɓe shi da lokaci, kamar mai gadi ko direban tarakta na wata, yana cancantar ladansa matuƙar ya miƙa kansa ga aiki, ko da mai gona bai ba shi abin yi ba, kamar a ce man tarakta ya yanke.

Abin da Dokar Ƙwadago ta 1997 ta tanada

Dokar da take tsara alaƙar ma'aikaci da mai aiki a kamfanoni da shaguna da masana'antu a Sudan ita ce Dokar Ƙwadago ta 1997. Ga muhimman abubuwan da ta tanada game da lada:

1. Ana biyan lada da kuɗi, sai dai abin da ya shiga cikinsa na abinci ko masauki ko sufuri da makamantansu.
2. Ana biya kullum, ko mako-mako, ko duk mako biyu, ko wata-wata, gwargwadon yarjejeniya, kuma kada biyan ya wuce kwana uku daga ranar da ya wajaba.
3. Idan aiki ya ƙare, a biya ma'aikaci dukkan haƙƙoƙinsa cikin mako ɗaya.
4. Ana miƙa ladan ga ma'aikaci da kansa ko wanda ya wakilta a rubuce, ba a cire komai sai abin da doka ta yarda ko shi ya yarda a rubuce.
5. Rancen da mai aiki ya ba ma'aikaci babu ruwa a kansa, kuma abin da ake cirewa don biyansa ba ya wuce kashi 15 cikin 100 na ainihin albashi.
6. Yarjejeniyar da ta wuce wata uku dole a rubuta ta kofi uku: ɗaya ga ma'aikaci, ɗaya ga mai aiki, ɗaya a ofishin ƙwadago. Idan ba a rubuta ba, ma'aikaci yana iya tabbatar da haƙƙinsa da kowace irin hujja.
7. Duk sharaɗin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne, sai idan ya fi amfanar ma'aikaci.
8. Idan mai aiki ya kasa cika abin da ke kansa, ma'aikaci yana da ikon barin aiki ba tare da ba da wa'adi ba, amma sai an fara kai maganar gaban hukumar ƙwadago. Wanda ya yi fushi ya tafi kawai, yana iya ba mai aiki hujja a kansa.
9. Ƙarar da ma'aikaci ya shigar a kan haƙƙinsa an yafe mata kuɗin kotu, kuma haƙƙin ma'aikata yana gaban sauran basussuka idan mai aiki ya karye.

Ban da wannan, tun 1970 Sudan ta amince da Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1949 don kare lada. Yarjejeniyar ta wajabta biya a kan kari da kuɗin ƙasa, ta kuma hana tilasta wa ma'aikaci sayayya a kantin mai aiki. Najeriya da Nijar su ma sun amince da ita, kuma dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana tazarar biyan lada ta wuce wata ɗaya.

Waɗanda dokar ta ware

Nan ne wurin da mutane da yawa suke tuntuɓe. Sashe na 3 na dokar ya fitar da wasu rukunoni daga cikinta. Daga cikinsu akwai ma'aikatan gwamnati da jami'an tsaro masu dokokinsu na musamman, da masu aikatau a gidaje waɗanda suke ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1955, da iyalan mai aiki da suke zaune tare da shi, da ma'aikatan wucin gadi na 'yan kwanaki, da kuma ma'aikatan gona.

Amma ba duk mai aiki a gona aka ware ba. Dokar ta bar waɗannan a cikinta: masu tuƙa injinan noma da masu gyara su, da ma'aikatan wuraren sarrafa amfanin gona kamar masana'antar gurzar auduga, da masu gudanarwa, da magatakarda da akantoci da masu kula da sito. Ma'ana, a mashru'i ɗaya, direban tarakta da mai rubuta lissafi suna iya zuwa ofishin ƙwadago su kafa hujja da wannan doka, amma wanda ya yini a duƙe yana yankan riɗi ba ya cikinta. Wanda ya fi kowa rauni shi ne ya fi kowa ƙarancin kariya, kuma wannan gibi ne da ya cancanci malamai da shugabannin al'umma su riƙa tunatar da hukuma a kansa.

To, ina mai lauje zai dafa? Yana da Dokar Mu'amaloli ta 1984, wadda aka gina mafi yawanta a kan fiƙihun Musulunci. Tana da babi a kan yarjejeniyar aiki da babi a kan kwangila. A ƙarƙashinta yarjejeniyar baka ma tana ɗaure waɗanda suka ƙulla ta, biyan lada wajibi ne idan an yi aiki, kuma idan ba a yanke lada ba ana komawa ga ladan misali bisa al'ada. Wato haƙƙinsa bashi ne da kotun farar hula take iya ƙwato masa. Sai dai a nan babu jami'in ƙwadago da zai tsaya masa, shi ne zai kawo hujja.

Hujja kafin aiki

Ƙa'idar shari'a sananniya ce: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A Suratul Ƙasas kuma mun ga yadda aka yanke wa Annabi Musa (A.S) wa'adin aikinsa a Madyana ƙarara, shekara takwas ko goma in ya so, tun kafin ya fara. Idan Annabi da salihin bawa sun fayyace sharaɗi a tsakaninsu, babu wanda zai ce fayyacewa rashin yarda ce.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara da waɗannan:

1. A yanke lada da ma'aunin aiki da ranar biya a gaban shaidu biyu da ba sa cin abinci a hannun mai gona.
2. A san sunan mai gona na gaskiya da garinsu da wurin mashru'insa, ba sunan wakili kaɗai ba.
3. A tambayi wa zai biya, mai gona ko ɗan kwangila, a ji amsar daga bakin mai gona.
4. A rubuta, ko da a takardar littafin makaranta ce, da Larabci ko da ajami. Saƙon waya ko muryar da aka ɗauka da sanin juna su ma suna taimakawa.
5. A yi ƙirgen hilla ko awon fili tare, kowane ɓangare ya riƙe lissafinsa, kada a bari sai an kwashe amfani.
6. Duk kafin-alƙalami ko bashin kanti a rubuta shi da farashinsa ranar da aka karɓa.
7. Idan ta manhajar banki irin Bankak aka biya, a ajiye shaidar turawa. Wanda ba shi da asusu, ya faɗi a gaban shaidu asusun wa ya yarda a tura.
8. Kada a sa hannu ko a dangwala a takardar da ta ce an biya duka alhali da saura.

Matakan neman haƙƙi

Mataki na farko shi ne tambaya cikin mutunci a gaban shaidu, a nemi a yanke rana. Idan 'yan ƙwadago ƙungiya ne, su tsaya tare su wakilta mutum biyu ko uku, domin wanda aka ware shi kaɗai shi ake saurin kora.

Na biyu shi ne sulhu. A Sudan akwai al'adar "judiyya", inda dattawa masu shiga tsakani suke zama su raba gardama. Shehun ƙauye da umda da limami duk suna da tasiri, kuma mai gona da yake neman ma'aikata kowace shekara ba ya son sunansa ya ɓaci. Sulhu alheri ne, amma da sharaɗin kada ya zama hanyar tilasta wa mai rauni ya yafe rabin haƙƙinsa don ya sami kuɗin mota. Abin da aka yafe a kan dole bai halatta ga wanda aka yafe wa ba. A rubuta abin da aka cimma, masu sulhu su sa hannu.

Na uku, wanda Dokar 1997 ta rufe shi ya kai kuka ofishin ƙwadago, "maktabul amal". Za a kira mai aiki, a lissafa haƙƙi, idan ya ƙi biya maganar ta wuce kotu. Wanda dokar ta ware shi kuma ya nufi kotun farar hula, ko kotun karkara ta yankin da gonar take. Kada a yi jinkiri, domin da zarar kaka ta wuce shaidu sun watse, kowa ya koma garinsu.

Wasu mas'aloli

Idan mai gona ya ce ba shi da shi. Da yawan manoman Gadarif da bashin "salam" na Bankin Noma ko na 'yan kasuwa suke yin noma, kuma gaskiya ne fari ko ambaliya ko faɗuwar farashi suna karya wasu. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci na haƙiƙa. Amma wanda buhunansa suke jibge a sito yana jiran kasuwa ta tashi, wannan mawadaci ne mai taurin bashi. Ya sayar da abin da zai biya lada, ko ya ba da amfanin gona a farashin ranar idan ma'aikaci ya yarda. Kuma haramun ne mutum ya ɗauki ma'aikata yana sane ba shi da hanyar biyansu, ya ɓoye masu.

Idan darajar kuɗi ta faɗi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tafi a kan cewa bashin kuɗi ana biyansa da adadinsa ne ba da ƙimarsa ba. Sanya ƙarin kuɗi saboda jinkiri kuwa riba ce. A zamanta na Brunai a 1993 ta halatta a sa sharaɗin daidaita albashi lokaci-lokaci da tsadar kaya a cikin yarjejeniyar aiki. Wasu malamai kuma, irin su Arrahuni daga Malikawa, suna ganin idan faɗuwar ta yi muni ƙwarai a koma ga ƙima, wannan kuwa alƙali ko masu sulhu ne suke yanke shi. Hanya mafi sauƙi ita ce, idan an san biyan zai jinkirta, a yanke ladan tun farko da buhun dawa mai siffa da awo sananne.

Ɗaukar haƙƙi da hannu. Malamai sun yi magana a kan wanda ya sami damar ɗaukar daidai haƙƙinsa daga dukiyar wanda ya zalunce shi, suna kafa hujja da izinin da aka ba Hindu 'yar Utba game da ciyarwar gidanta. Malikawan da suka halatta sun sa sharaɗin a aminta daga fitina da zubewar mutunci. A gonar da take da masu gadi, a lokacin da makamai suka yi yawa a hannun mutane, wannan sharaɗi ba ya cika. Wanda ya ɗauki buhu da dare zai koma wanda ake ƙara da sata, bayan da shi ne mai gaskiya. Ba ma ba da fatawa da shi. Haka nan lalata amfanin gona ko ƙona shi haramun ne, zalunci ba ya gyara zalunci.

Dakatar da aiki. Wanda lokacin biyansa ya yi aka hana shi, ba a tilasta masa ci gaba da sabon aiki. Amma wanda aka biya shi a kan kari, ko ya karɓi kafin-alƙalami, ba ya halatta ya gudu ya bar riɗi yana zuba don wani ya ƙara masa farashi. Amana ta hau kan ɓangarori biyu.

Tsakanin mai gona da wakili. Idan wakili ne ya ɗauki ma'aikata da sunan mai gona, bashin yana kan mai gona, kuma bai kuɓuta ba har sai kuɗin ya isa hannun masu shi. Idan ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa, shi ake bi. Duk da haka, mai gona mai tsoron Allah ba ya sallamar ɗan kwangila sai ya tabbatar an biya waɗanda suka yi masa aiki.

Baƙo da wanda ba Musulmi ba. Ladan Bahabashe Kirista daidai yake da ladan Musulmi ɗan gari a wajen wajabci. Rashin takardar zama magana ce tsakaninsa da hukuma, ba ta halatta wa kowa cin guminsa.

Idan ma'aikaci ya tafi ko ya rasu. Ladansa amana ce, ana neman sa ko magadansa. A hadisin mutum uku da dutse ya rufe a kogo, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ɗayansu ya yi tawassuli ne da cewa wani ma'aikacinsa ya tafi ya bar lada, shi kuwa ya juya masa shi har ya zama garke, da ya dawo ya miƙa masa duka. Idan an yi iyakar nema ba a same shi ba, a yi sadaka da shi a madadinsa, da niyyar in ya bayyana a ba shi zaɓi.

Kammalawa

Ya kai mai gona, zakkar da ka fitar da Umarar da ka je ba sa goge ladan da ka riƙe, domin haƙƙin bayi sai an biya ko mai shi ya yafe da daɗin rai. Imamu Muslim ya ruwaito siffar matsiyaci na gaskiya: wanda zai zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya ci dukiyar wannan ya zalunci wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu har ya ƙare. Ka ware kuɗin ƙwadago tun kafin ka kira mutane gonarka.

Ya kai ɗan ƙwadago, ka kyautata aikinka, ka fayyace sharaɗinka, ka riƙe shaidunka, kuma kada kunya ta hana ka neman abin da Allah Ya ba ka. Ga limamai da kwamitocin masallatai kuma, muna kira da a riƙa karantar da babin ijara kafin faɗuwar damina da kafin kaka, a sami ɗalibai masu rubuta wa mutane yarjejeniya kyauta, a kuma sami dattawan da za a riƙa kai wa kuka.

Allah Ya ba Sudan zaman lafiya, Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haƙƙin bayinSa. Allah ne Mafi sani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.